Littafi ɗaya, ƙuri'a biyu: me ya raba Kiristocin Amurka?

Tambaya:

Malam, barka da aiki. Ni malamar makarantar Lahadi ce a Jos. Ƙanena yana karatu a Amurka, ya ce mini a can ranar Lahadi Turawa da cocinsu, baƙaƙen fata da tasu, ranar zaɓe kuma kowa da jam'iyyarsa. Yanzu ya fara zuwa wata coci da faston ke yawan maganar bauta da wariyar launin fata, suna kiran kansu Kiristoci masu ra'ayin ci gaba. Hankalina bai kwanta ba. Wannan ba cusa siyasa cikin bishara ba ne? Kuma me ya kawo tonon abin da ya wuce tun shekaru ɗari da hamsin?

Amsa:

'Yar'uwa, sannu da hidima. Abin da ƙanenki ya gani haka yake. A zaɓen 2016, kusan takwas cikin goma na Turawa Kiristocin Ibanjelika Donald Trump na jam'iyyar Republican suka jefa wa ƙuri'a, baƙaƙen Kiristoci kuwa mafi yawansu ɗan takarar Democrat suke bi zaɓe bayan zaɓe. Littafin da ke hannunsu ɗaya ne. Amma siyasar da kike tsoro ba faston nan ya shigo da ita ba. A cikin cocin ya tarar da ita, ta riga shi zama da shekaru fiye da ɗari uku.

A 1619 aka sauke 'yan Afirka kusan ashirin a Virginia aka sayar. Ba a daɗe ba masu gonaki suka shiga damuwa: idan bawa ya karɓi baftisma ya zama ɗan'uwa cikin Almasihu, zai halatta a ci gaba da mallakarsa? Saboda wannan tsoron wasu suka hana a yi wa bayinsu wa'azi. Sai majalisar Virginia ta yi doka a 1667 cewa baftisma ba ta sauya matsayin bawa. Duba da kyau: majalisar dokoki ce ta yanke wa baftisma iyaka, coci kuma ta amince. Daga nan auren coci da siyasa ya ɗauru.

Bayan doka sai aka nemo mata ayoyi. Wadda aka fi ja ita ce Farawa sura 9, aka ce Nuhu ya la'anci Ham, Ham kuwa shi ne uban baƙar fata, don haka bauta ƙaddararmu ce. Ke da kike koyar da yara, buɗe wurin ki gani. Kan'ana Nuhu ya la'anta, ba Ham ba. Kush, wani ɗan Ham wanda ake danganta shi da Habasha da Sudan, la'anar ba ta ambace shi ba. Launin fata kuwa ko sau ɗaya bai fito a wurin ba. Sai Afisawa 6:5, inda aka ce bayi su yi biyayya ga iyayengijinsu. Wannan an karanta wa bayi ita har sun haddace. Fitowa 21:16, wadda ta yanke hukuncin kisa ga duk wanda ya saci mutum ya sayar, ba a jin ta daga bagade.

Har littafi na musamman aka buga. A 1807 a Landan aka fitar da zaɓaɓɓun sassan Littafi Mai Tsarki domin bayin tsibiran Karibiyan da ke ƙarƙashin Ingila. An bar labarin Yusufu yana bauta a gidan Fotifar. An cire labarin Musa a gaban Fir'auna da fitar Isra'ilawa daga Masar. An cire Galatiyawa 3:28, wadda ta ce babu bawa babu ɗa, duka ɗaya ne cikin Almasihu Yesu. Mafi yawan Tsohon Alkawari ya tafi, kusan rabin Sabon Alkawari ya bi shi. Waɗanda suka yi wannan yankan sun san abin da littafin ya faɗa, shi ya sa suka san inda za su sa almakashi.

To amma bayin sun ji labarin Musa duk da haka, kuma nan ne na fi so ki tsaya. Da dare, bayan aikin auduga, sukan sulale zuwa cikin kurmi su yi sujada tasu. Tsofaffin bayi da aka yi hira da su daga baya sun ba da labarin yadda ake kifa babbar tukunyar ƙarfe a wurin taron, da imanin za ta shanye sautin addu'a da waƙa kada ya kai gidan maigida. A can suka gane kansu cikin Isra'ilawa, suka gane Fir'auna, suka riƙe cewa Allahn da ya ji kukan bayi a Masar bai kurumce ba. Harriet Tubman, wadda ta tsere daga bauta ta riƙa komawa Kudu tana fito da wasu, Musa suke kiranta. Masu mulki sun fahimci haɗarin. Bayan tawayen Nat Turner, wani bawa mai wa'azi, a 1831, Virginia ta haramta wa baƙaƙen fata yin wa'azi, jihohin Kudu da dama kuma suka tsananta hana bawa koyon karatu.

Ko 'yantattu ba su tsira ba. A cocin Methodist ta St. George da ke Philadelphia, a ƙarshen ƙarni na 18, wani baƙar fata mai suna Absalom Jones yana durƙushe ana addu'a sai wani dattijon coci Bature ya kama shi yana ɗaga shi, wai ba nan ne wurin zamansu ba. Jones ya roƙa a bari a idar da addu'a. Aka ƙi. Da aka shafa, shi da Richard Allen da sauran baƙaƙen suka fita gaba ɗaya. Daga wannan fitar aka kai ga kafa ɗarikar AME, wato African Methodist Episcopal, cocin Methodist ta baƙaƙen fata, a 1816, Allen ya zama bishop ɗinta na farko. Don haka idan ƙanenki ya ga coci ta baƙaƙe zalla, ya sani ba su ne suka ware kansu ba.

Adalci ne in faɗa cewa akwai Turawa Kiristoci da suka tsaya kan gaskiya tun da wuri. 'Yan ɗarikar Quaker a Germantown sun rubuta ƙin amincewa da bauta a 1688. John Wesley ya la'anci cinikin bayi, kuma kwanaki kaɗan kafin rasuwarsa a 1791 ya rubuta wa William Wilberforce, ɗan majalisar Ingila mai yaƙi da cinikin bayi, yana ƙarfafa shi kada ya ja da baya. Sai dai manyan ɗarikun Amurka sun gwammace su tsage da su saki bayi. Methodist sun rabu a 1844. A 1845 Baptist na Kudu suka taru a Augusta ta jihar Georgia suka kafa tasu ƙungiyar, a kan taƙaddamar ko mai bayi zai iya zama ɗan mishan. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin ita wannan ƙungiyar ce ta aiko Thomas Jefferson Bowen ƙasar Yarbawa a 1850, daga aikinsa Baptist ta Najeriya ta samo tushe. Ba na faɗin haka don in zubar da ƙimar kowa. Bisharar da ta iso mu gaskiya ce, hannun da ya miƙo ta kuma yana da tabo, duka biyun sun faru. Mu ma mun ɗanɗana: Bishop Samuel Ajayi Crowther, wanda aka naɗa a 1864, matasan 'yan mishan Turawa sun ci masa fuska a 1890 sun kori ma'aikatansa a gabansa, ya rasu a 1891, aka maye gurbinsa da Bature.

Yanzu ga tambayarki ta biyu, cewa abin ya wuce. An haramta bauta a 1865, lokacin bayi sun kai kusan miliyan huɗu. Abin da ya biyo baya shi ne dokokin wariya a makaranta, mota, asibiti da rumfar zaɓe, tare da kisan gilla a bainar jama'a. Ƙungiyar Equal Justice Initiative ta tattara bayanan irin wannan kisa sama da 4,400 tsakanin 1877 da 1950. A watan Afrilun 1963 aka kulle fasto Martin Luther King a kurkukun Birmingham saboda jagorantar zanga-zangar adawa da wariya. Malaman addini takwas Turawa na jihar Alabama suka fitar da sanarwa cewa zanga-zangar ba ta dace da lokaci ba, a yi haƙuri a bi kotu. King ya fara rubuta musu amsa a gefen takardar jaridar da aka shigo masa da ita. Bayan wata biyar, ranar Lahadi 15 ga Satumba, bam ya tashi a cocin Baptist ta titi na 16 a garin, ya kashe 'yan mata huɗu da suka zo makarantar Lahadi. Sa'o'insu suna raye yau, suna zuwa coci, suna jefa ƙuri'a.

Jami'ar Bob Jones, makarantar Kirista, ba ta ɗage dokar hana soyayya tsakanin farar fata da baƙar fata ba sai a shekarar 2000. Baptist na Kudu ba su nemi gafara a hukumance kan bauta da wariya ba sai a 1995, shekara 150 cif bayan kafuwarsu. A watan Yunin 2015 wani matashi Bature ya shiga cocin Emanuel AME a Charleston, ya zauna tare da masu nazarin Littafi Mai Tsarki kusan awa guda, sannan ya harbe tara. Ta fuskar arziki kuma, alƙaluman Babban Bankin Amurka na 2022 sun nuna dukiyar matsakaicin iyalin Turawa ta ninka ta baƙaƙe kusan sau shida, kuma wani ɓangare na dalilin shi ne shekarun da aka yi ana hana unguwannin baƙaƙe bashin sayen gida. Mai ciwo ne ke sanin ko ya warke.

Asalin saɓanin da ke tsakanin ɓangarorin biyu a yau, a fahimtata, kan zunubi ne. Yawancin Turawa Ibanjelika suna ganin zunubi a zuciyar mutum ɗaya ɗaya: idan kowa ya tuba, wariya za ta mutu da kanta, coci kuma ta tsaya kan ceton rayuka. Masu ra'ayin ci gaba, da cocin baƙaƙe tun kafin a ƙirƙiro wannan sunan, suna cewa zunubi yana shiga doka, ya shiga kotu da kasuwa, ya ci gaba da cin mutane bayan wanda ya kafa shi ya mutu. A nan ina tare da su, kuma ba daga jam'iyya na samo dalilina ba. Ishaya 10:1 kaito ya yi wa masu kafa dokokin zalunci. Amos sura 5 ya ce Allah ya ƙi bukukuwa da waƙoƙin mutanen da ke tattake matalauta a ƙofar gari. Zakka da ya tuba bai tsaya ga hawaye ba, ya ce zai mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Wannan ayar ce ake ɗagawa idan ana maganar diyya, kamar batun bayi 272 da limaman Katolika na ƙungiyar Jesuit suka sayar a 1838 don biyan bashin kwalejin Georgetown. Su kuma masu cewa a raba coci da siyasa, ba su rabu da ita ba. Tun ƙarshen shekarun 1970 suke haɗa kan masu bi domin zaɓe, kan zubar da ciki, makarantu da naɗin alƙalai. Kowa yana siyasa. Bambancin shi ne wace magana ce ake ɗauka ta cancanci hawa bagade.

Duk da haka damuwarki tana da gurbi, ba zan share ta ba. Sunan masu ra'ayin ci gaba rumfa ce mai faɗi. Akwai waɗanda ke riƙe da dukan ginshiƙan bangaskiya, gicciye da tashin Almasihu da ikon Littafi, suna kuma faɗa da wariya. Yawancin cocin baƙaƙe nan suke, kuma a kan aure da tarbiyya da yawansu sun fi kusa da abin da kika sani a gida. Akwai kuma waɗanda suka sassauta koyarwa ƙwarai, har wa'azinsu ya koma sharhin labaran mako. Wannan yana damuna, domin abin da ya riƙe bayin nan cikin kurmi tabbacin Allah mai rai ne wanda zai yi shari'a, kuma cocin da ta saki wannan ta saki ƙarfin da ya haifi gwagwarmayar tun farko. Cocin da ta zama reshen Democrat ta faɗa ramin da wadda ta zama reshen Republican ta faɗa.

Saboda haka kada ki yi wa ƙanenki faɗa kan sunan da cocin ta laƙaba wa kanta. Ki ce ya turo miki wa'azi biyu ko uku ki saurara da kunnenki. Ki lura ko faston yana buɗe nassi ya bi shi, ko kuwa yana taɓa aya ne kawai ya wuce. Ki lura ko yana iya tsawata wa 'yan siyasar da jama'arsa ke so, ko kullum laifin na wancan ɓangaren ne. Ki lura ko yana kiran mai zalunci zuwa tuba a matsayin mutumin da Almasihu ya mutu dominsa. Wasiƙar King ta kurkukun Birmingham kuma tana nan a intanet, ku karanta ta tare ta waya. Za ki tarar yana kafa hujja da Manzo Bulus, da Amos, da Agustin, da Shadrak, Meshak da Abednego waɗanda suka ƙi bin dokar Nebukadnezzar.