Bashin sefa, ciniki da naira: amsa ga wani ɗan kasuwar Kamba

Wani ɗan kasuwa ya aiko daga Kamba yana cewa: "Malam, shanshera nake saye a Suru da Argungu ina kai wa masu inji, kuma Allah ya buɗa mini. Abokin hulɗata a Gaya ta Nijar zai ba ni bashin sefa na wata shida in kafa injin gyaran shinkafa nawa. In karɓa?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Amma wannan bashin kada ka karɓe shi a haka.

Kai da naira kake ciniki, shi kuwa da sefa zai karɓi kuɗinsa. Sefa a ɗaure take da yuro, don haka duk ranar da naira ta zame, bashinka ya ƙaru kana barci. Ba sai na ba ka labari ba, da idonka ka gani a wajen 'yan canjin bakin iyaka. A Yunin 2023 da aka saki naira, dala tana kusan 460 a farashin gwamnati. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500.

Wannan ramin ne ya ci ƙasashen Asiya. Tailan ta yi shekaru tana bunƙasa, kamfanoninta suna cin bashin dala na ɗan lokaci suna zuba shi a gine-gine, saboda gwamnati ta riƙe dala a wajen baht 25 (baht shi ne kuɗin ƙasar), kowa ya ɗauka haka za ta dawwama. Ranar 2 ga Yulin 1997 riƙon ya gagara, aka saki kuɗin. A Janairun 1998 dala ta wuce baht 50. Mai bashin miliyan ɗaya ya wayi gari da biyu a wuyansa, ginin bai ƙare ba, masu kuɗi kuma sun ƙi ƙara masa wa'adi. Wutar ta tsallaka Indunusiya, inda har ta kai ga saukar shugaban ƙasar, Suharto, a Mayun 1998. Koriya ta Kudu ta miƙe da wuri, ta gama biyan bashin Asusun Ba da Lamuni na Duniya (IMF) a 2001, amma sai da matan aure suka yi layi suna miƙa gwala-gwalansu don a biya bashin ƙasa, manyan kamfanoni irin su Daewoo kuma suka rushe.

Wa'adin ma ya dame ni. Inji ba ya mayar da uwar kuɗi a wata shida. Ga gini, ga man janareta, ga leburori, ga jarin shansherar da za ka tara lokacin kaka. Kuma ka tuna abin da ya ɗaga shinkafar Kebbi: shirin bashin manoma da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a 2015, da rufe iyakoki daga 2019 zuwa ƙarshen 2020. Hukuncin gwamnati ne, gobe tana iya sauya shi.

Ga abin da zan yi in ni ne. Ka koma wa mutumin nan da maganar haɗin gwiwa: ya zuba kuɗinsa a matsayin jari, riba ku raba, hasara ku raba, a rubuta a gaban shaidu. In ya nace sai bashi, a yanke shi da naira, ko da buhunan shinkafa, wa'adin kuma ya kai shekara biyu. In duk ya ƙi, ka riƙa kai shansherarka injin haya kana sayar da gyararriya na kaka biyu tukuna, kana rubuta abin da kowane buhu ya bar maka bayan kuɗin mota da na inji. Ka aiko mini da littafin mu duba tare.