Me ya sa dodon Hisone yake ƙin ta idan ta kamu da so?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni da ƙanwata mun kalli katun ɗin Japan ɗin nan, Dragon Pilot: Hisone and Masotan, a Netflix. Ya burge mu ƙwarai, amma abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Da zarar matuƙiya ta fara son wani, sai dodonta ya daina karɓarta, har ya nemi narkar da ita a cikinsa. Shin masu shirin suna nufin mace ba za ta iya haɗa aiki da soyayya ba ne? Sannan sansanin sojan da ake nunawa, akwai shi da gaske? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin ɗora yatsa a kan jijiyar labarin. A nawa karatun, masu shirin sun kafa wannan doka ne don mai kallo ya ji zafinta, ya kuma tambayi wanda take yi wa amfani. Wanda bai gama kallo ba ya yi haƙuri, dole zan taɓo ƙarshen labarin.

Bari in fara da mai sauƙin. Sansanin akwai shi. Sunansa sansanin Gifu, yana garin Kakamigahara a tsakiyar Japan, kuma nan ne rundunar sama ta ƙasar take gwajin jiragenta. Jiragen da dodannin suke rikiɗa su koma, su ma na gaske ne: Masotan, dodon Hisone, yana sa rigar F-15J; a cikin sauran matuƙan, na Elle Hoshino F-2 ne, na Mayumi Hitomi jirgin dakon kaya ne C-1, na Liliko Kinutsugai kuma E-2C ne, mai faifan rada a gadon baya. Wanda ya zana yadda suke rikiɗar shi ne Shoji Kawamori, tsohon hannu a wannan fage tun zamanin tsohon katun ɗin Macross. Kamfanin Bones ne ya yi shirin, kashi 12, aka nuna shi a Japan daga Afrilu zuwa Yunin 2018, a ƙarƙashin jagorancin Shinji Higuchi, da rubutun Mari Okada. Ki lura kuma babu abokin gaba ko ɗaya a labarin, ba a yaƙi da kowa. Hakan ya dace da matsayin rundunar, wadda aka kafa a 1954 da sunan kare kai kawai, saboda sashe na 9 na tsarin mulkin 1947 ya hana Japan ɗaukar yaƙi a matsayin hanyar warware rikici.

Ga wanda bai san labarin ba: Hisone Amakasu sabuwar soja ce wadda bakinta ba shi da linzami, duk abin da ya zo ranta sai ta faɗe shi, don haka take gudun mutane. Gwamnati kuwa ta daɗe tana ɓoye wasu dodanni masu fukafukai, tana lulluɓe su da kamannin jirgi. Ba a hawan su a baya. Dodon ne yake haɗiye matuƙiyarsa, ta sarrafa shi daga cikin tumbinsa, sanye da wata riga ta musamman da ke kare ta daga ruwan ciki. Kuma shi yake zaɓa, babu kwamandan da zai tilasta masa.

To, dokar da ta dame ki. Bayanin da aka bayar a cikin shirin shi ne dodon yana karɓar wadda ta dogara da shi ɗungurungum, wadda take jin in ba shi ba, ba ta da wani matsayi a duniya. Idan zuciyarta ta sami wani wurin jingina, sai jikinsa ya daina ganin ta a matsayin tasa, ya ɗauke ta abinci. Da a nan aka tsaya, da na yarda da zarginki. Amma ki tuna abin da manya suka yi da wannan sani. Jami'in gwamnatin nan, Iiboshi, bai ce a raba 'yan matan da samari ba. Dabararsa ta fi haka muni: a bari su faɗa so, sannan a karya musu zuciya da gangan, domin su koma wa dodanninsu ba su da kowa. Wato hukuma ta gano cewa yarinyar da ba ta ga darajar kanta ita ce ma'aikaciyar da ta fi sauƙin juyawa, sai ta shiga ƙera irin wannan yarinya da hannunta. Shirin bai nuna wannan a matsayin hikima ba. Ya nuna shi a matsayin zalunci da ake yi cikin ladabi, a ofis, da sunan ceton ƙasa.

Mai kallo ɗan Japan yana gane wannan hoto nan take. Shekaru da dama al'adar kamfanoninsu ita ce mace ta yi aiki na ɗan lokaci, in ta yi aure ta ajiye, har suna da suna na musamman ga irin wannan murabus, ana taya ta murna da furanni. Dokar daidaita damar aiki tsakanin maza da mata ta fara aiki a 1986, amma tunanin cewa ma'aikaci na ƙwarai shi ne wanda ya sallama wa wurin aiki rayuwarsa kacokan bai gushe ba, kuma mata ne suka fi biyan kuɗinsa. A cikin labarin ma an nuna mana tsohuwar matuƙiyar Masotan, wadda ta bar shi bayan ta yi soyayya ta kafa iyali. Ba a zana ta a matsayin maciya amana ba. Mace ce da aka ba zaɓi biyu kacal, ta ɗauki ɗaya.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne Elle. Burinta tun tana ƙarama ta tuƙa jirgin yaƙi na gaske, shi ya sa da farko ta ƙi yarda dodonta dabba ce mai rai, take ɗaukarsa inji, take jin kunyar a ce mata mai kiwon dodo. Fushinta yana da tushe a zahiri. Sai a ƙarshen 2015 rundunar saman Japan ta buɗe wa mata ƙofar tuƙa jiragen yaƙi, kuma mace ta farko da ta kai ga haka, Misa Matsushima, ta kammala horonta ne a Agustan 2018, tana da shekara 26, a kan jirgin F-15. Wata biyu ke nan bayan kashi na ƙarshe ya fita. Lokacin da ake rubuta Elle, babu mace ko ɗaya a wannan kujera a duk faɗin ƙasar. Saboda haka maganganun raini da matuƙa maza suke yaɓa mata ba ado ba ne aka ƙara don labari ya yi armashi.

Sai bikin da aka tara matuƙan dominsa. Duk shekara 74 wani ƙaton dodo, Mitatsu, yana sauya makwanci, kuma dole a raka shi yana barci, in ba haka ba ya jawo wa ƙasa bala'i. 'Yan matan wurin bauta suna rera masa waƙa, kuma a ƙarshe ɗaya daga cikinsu ba ta dawowa. A nan marubuciyar ta ɗebo daga tsofaffin al'adun Japan: biki mai zagayowa bayan shekaru, kamar yadda ake sake gina wurin bautar Ise duk shekara 20, da gimbiyoyin da a da ake keɓewa ba aure don hidimar wannan wuri, da kuma tatsuniyoyin binne mutum da rai a gindin gada ko ganuwa wai don gini ya tsaya. Ki cire 74 daga 2018, za ki faɗa 1944, tsakiyar yaƙin duniya na biyu, lokacin da ƙasar take neman matasanta su ba da rai ba tare da tambaya ba. Sada, tsohuwar nan mai tallar yogot a sansanin, ita ce ta tuƙa dodo a wancan karo, ta kuma rasa Yae, wadda ta fi ƙauna a duniya. Ta rayu shekara 74 da wannan miki.

Idan kin haɗa biyun, za ki ga buƙata ɗaya ce. Ana ce wa matuƙiya ta ba da zuciyarta, ana ce wa mai waƙa ta ba da ranta, kuma masu tsara abin ba sa ba da komai. Bakin Hisone, wanda ta ɗauka aibinta ne, shi ya sa ta iya cewa a'a a gaban manya. Ta ƙi barin Natsume, mai waƙar da aka zaɓa ta ba da ranta, ta mutu, alhali Natsume kishiyarta ce a wajen Okonogi, saurayin da ke kula da lafiyar Masotan. Ta kuma ƙi yarda cewa son mutum yana rage son da take wa dodonta.

Inda nake ganin shirin ya gaza shi ne gaggawa. Kashi 12 sun yi wa wannan nauyi kaɗan. An warware matsalar narkewar cikin hanzari, kusan da ƙarfin zuciyar Hisone kaɗai, kuma waɗanda suka kitsa makircin ba su ɗanɗana kuɗarsu yadda ya kamata ba. Mai yiwuwa wannan ne ya bar ki da shakka, kuma shakkar tana da hujja.

Game da ƙanwarki, kada zanen mai taushi ya sa a ɗauka na ƙananan yara ne. Akwai barkwanci a kan surar jikin mata, akwai ibadun addinin Shinto, kuma masu kallo da yawa suna fassara alaƙar Sada da Yae da soyayya. In ba ta kai shekarun sakandare ba, gara ki zauna tare da ita kuna tattaunawa. In kuma kin ci karo da Dragonaut: The Resonance na 2007 ko Cross Ange na 2014, su ma na dodanni da matuƙa ne, to ki sani sun fi wannan nuna tsiraici nesa ba kusa ba, musamman na biyun, wanda na manya ne zalla.