Me Ya Tsayar da Tankokin Tiger na Jamus a Ardennes?

Yarona, ka tambaye ni dalilin da ya sa manyan tankokin yaƙin Jamus, waɗanda aka ce da wuya harsashi ya huda gabansu, suka kasa isa inda aka tura su a harin Ardennes, wani yanki mai dazuzzuka da tuddai a Beljiyam da kewayenta inda Jamus ta kai wa sojojin Amurka farmaki a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma kana so ka ji ko laifin injin ne. Tambayar ta shafi sana'armu, domin abin da ke tafiyar da tankar yaƙi shi ne yake tafiyar da katafila, wato inji da giya da sarƙa, sai dai ita an lulluɓe ta da ƙarfe mai kauri an kuma ɗora mata igwa.

Ka fara duba nauyi kafin ka zargi inji. Tankar Tiger II, wadda kamfanin Henschel ya ƙera a birnin Kassel, nauyinta ya kai tan 68, kaurin ƙarfen gabanta milimita 150 ne, faɗin bakin igwarta kuma milimita 88. Injin da aka sa mata shi ne Maybach HL230 mai silinda 12, mai shan fetur, mai ƙarfin doki 700, kuma shi ne dai injin da ke cikin tankar Panther wadda nauyinta bai wuce tan 45 ba. Ka ga ke nan an ƙara masa lodin da ya haura tan 20 ba tare da an ƙara masa ƙarfin doki ko ɗaya ba. Dole direba ya riƙa taka totur kafin tankar ta hau tudu, injin ya ɗauki zafi, robobin da ke tare mai su fara yoyo. Wahalar ba ta tsaya a nan ba, saboda injin yana baya ne, sandar da ke ɗauke da ƙarfinsa ta bi ta ƙasan cikin tankar zuwa giyabos da ke gaba, daga nan ƙarfin ya shiga giyar ƙarshe wadda ke juya sarƙa. A kan haƙoran wannan giya nauyin yake taruwa duk lokacin da tankar ta sha kwana a cikin laka, kuma direban da bai ƙware ba yana iya karya su a fizga ɗaya. A ƙarshen 1944 kuwa, ƙwararrun direbobi sun yi wa Jamus ƙaranci.

An fara harin ranar 16 ga Disamba 1944, da nufin tsallake kogin Meuse a kama tashar jiragen ruwa ta Antwerp a Beljiyam. Ayarin da ke kan gaba ta arewa yana ƙarƙashin wani kwamandan Jamus mai suna Joachim Peiper, kuma abin lura shi ne ya jera tankokin Panzer IV da Panther a gaba, ya mayar da Tiger II baya, domin ya san ba za su iya saurin da ake bukata ba. A ganina wannan shawara ta isa shaida, tunda wanda aka ba kayan aikin shi ne ya ƙi dogara da su. Hanyoyin yankin siraru ne, cike da kwana da hawa da gangara, ga laka ga sanyi. Idan tanka ɗaya ta lalace a inda mota biyu ba sa gittawa, duk abin da ke bayanta ya tsaya, kuma janwe ɗaya ba ya iya jan tan 68. Gada ma sai mai ƙwari ce take ɗaukar ta, shi ya sa lokacin da injiniyoyin sojan Amurka suka fasa gadojin garin Trois-Ponts ranar 18 ga wata, ayarin ya rasa hanyarsa mafi sauƙi zuwa yamma.

Sai maganar mai, wanda shi ne ya ƙarasa su. Tiger II tana ɗaukar lita 860, amma ko a kan titi mai kyau ba ta wuce kilomita 170 da shi, wato wajen lita 5 a kowace kilomita, a cikin daji kuwa shan ya fi haka. Ranar 17 ga wata sojojin Peiper sun kwashi fetur ɗin Amurkawa a garin Büllingen, wanda ya ɗan ƙara musu tafiya. A wannan rana ce kuma sojojin ayarin suka harbe fursunonin yaƙi Amurkawa 84 kusa da Malmedy, abin da bai kamata sha'awar ƙarfe ta mantar da kai ba. Da Amurkawa suka sake kama garin Stavelot a bayan ayarin, motocin dakon mai suka kasa isowa, sai ayarin ya maƙale a ƙauyen La Gleize. A daren 23 wayewar 24 ga Disamba, Peiper ya fice a ƙafa da mutum wajen 800, suka bar tankoki da motocin sulke, wasunsu ba abin da ya same su illa rashin fetur.

Ɗaya daga cikin Tiger II ɗin da aka bari, mai lamba 213, tana nan a gaban gidan tarihin La Gleize har yau. Idan ka nemo hotonta a waya, ka dubi wilin nan mai haƙora da ke gaban sarƙa, domin a bayansa giyar ƙarshe take. Ka kuma ƙirga wilolin da suka hau kan juna a gefe, ka lissafa nawa bakanike zai kwance kafin hannunsa ya kai ga na ciki, a waje, cikin sanyin Disamba.