Amsar tambayarka kan abin da ya faru a wurin ɗaurin aure

Wa'alaikumus salam ɗana, na ga saƙonka tun shekaranjiya, wayar ce ba caji ga wutar nan da ka sani. Ka ce a wurin ɗaurin auren nan wani dattijo Bazazzagi ya ce wa babanka bawana a gaban jama'a, babanka ya yi ta dariya, kai kuma da ka ɗan taɓa wani a guruf ɗinku sai da aka kai ƙararka gida, wai ina bambancin yake. To bambancin da yawa wallahi.

Ni ina wurin ai, a tabarma ɗaya muke. Mutumin cewa ya yi ku Kanawa ko sallama aka yi muku sai kun duba ko da canji a ciki, babanka ko ɗago kai bai yi ba yana ɓare goro ya ce ai shi ya sa muka saye ku da araha. Shi kenan wuri ya kaure, shi kansa Bazazzagin sai da ya cire hula yana share hawaye. Babanka bai fusata ba, bai kuma yi dogon bayani ba, maganar mutumin ya ɗauka ya juya masa ita. Gwanin baki ba ya zuwa da sandarsa daga gida, da taka zai doke ka.

Amma fa ba kowa ke da wannan izinin ba. Bakano da Bazazzagi abokan wasa ne tun kaka da kakanni, haka Bafulatani da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, Bakatsine da Banufe, a Nijar kuma Zabarmawa da Buzaye, su can ma sun riƙe abin da daraja har UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin al'adun duniya da ake adanawa a 2014. A cikin gida ma akwai. 'Ya'yana taubasanka ne tunda ni da mahaifiyarka ciki ɗaya muka fito, ɗan mace da ɗan namiji kowa na cewa ɗaya bawansa ne, shi ya sa in watan Muharram ya kama, lokacin cika-ciki, ake bin juna kuɗin shara. Ka manta yadda kake ce wa Hajiya tsohuwa yaushe za ki tafi mu sha gumba, ita kuma ta ce miji ba ko sisin cefane? Je ka faɗa wa mahaifiyarka haka ka ga abin da zai same ka. To shi wanda ka taɓa a guruf ɗin nan, taubashinka ne ko kakanka?

Sannan ku yaran yanzu komai kun haɗa shi kun kira shi baƙar magana, alhali kowanne da sunansa. Akwai gatse, ka ce abu kana nufin kishiyarsa, kamar yaro ya fasa kwano uwa ta ce sannu da aiki, ɗauko ɗayan ma ka fasa. Akwai zambo, wannan na makaɗan fada ne da 'yan gambara a kasuwa, su ɗauki abokin hamayyar ubangidansu su siffanta shi da kura ko biri ko su ja hancinsa ya kai ƙofar gari, galibi ba a kama suna amma duk garin an san da wa ake. Sai habaici, wanda a ganina shi ne ya fi wuya kuma mata sun fi mu iyawa nesa ba kusa ba. A gidan da muka tashi akwai wasu kishiyoyi biyu, ɗaya in tana daka sai ta kama yi wa kaza faɗa, kazar nan kin cika shiga ɗakin da ba naki ba, ke ba ƙwai ba sai cin tsaba, tana yi tana luguden taɓarya, ɗayar tana bakin murhu tana ji ba halin ta tanka don in ta tanka an ce wanda ya tsargu da shi ake. Sai washegari ita ma ta samo nata a kan akuya. Mu muna yara mun ɗauka da gaske dabbobin gidan ne ba su da tarbiyya.

Na karanta abin da ka rubuta wa yaron nan, mahaifiyarka ta turo min hoton. Ba gatse a ciki ba habaici, sunansa ka kama ka kuma sa uwarsa, ga maganar ƙafarsa da ya samu a haɗari. Ko Bazazzagin nan da ke da izinin kiran babanka bawa ba zai taɓa uwa ba, ba zai taɓa abin da Allah ya jarrabi mutum da shi ba, kuma in babanka ya kwanta ciwo shi ne zai riga mu zuwa dubiya, yana shiga yana cewa bawan nan lalaci ne kawai ba ya son aiki. Ka je ka ba yaron haƙuri baki da baki, ba a waya ba.

In kana son koyo ka zo gida hutun nan ka zauna kusa da Hajiya in 'yan'uwanta sun zo. Kuma taubashiyarka ta ce in tuna maka kuɗin shararta na bara har yau ba ta gani ba, wai ko bawan nata ya tsere ne. Ka gaida mutanen gida.