Koyon zama zai sa 'yata ta ci abinci?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. 'Yata shekarunta 16, tana makarantar lise (sakandare) a nan Garwa. Wata bakwai ke nan in an zuba tuwo sai ta yi loma biyu ta ture kwano, wai ta yi ƙiba, alhali ƙasusuwan wuyanta duk a waje. Al'adarta ta ɗauke. An gwada tarin fuka da ciwon suga, babu. Likita ya ce anoreksiya ce, wato ciwon ƙin cin abinci don tsoron ƙiba, ya haɗa mu da mai gashin ƙashi, shi kuwa zama da numfashi yake ta koya mata. Kakarta ta ce asarar kuɗi ce. Zama yana magani?
Wata uwa daga Garwa

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ba ta lafiya. Zama shi kaɗai ba ya warkarwa. Maganin farko abinci ne, tare da likitan ƙwaƙwalwa, domin ciwon a tunani yake, kuma yana kisa: yunwa na taɓa bugun zuciya, tana cinye ƙashi.

Amma kada ki sallami mai gashin ƙashin. Lura da ita bayan ta ci. Cikin da ya daɗe da yunwa ba ya saurin narkar da abinci, loma biyar ma sai ta ji ta kumbura. Nan za ki ga ta duƙunƙune, kafaɗa a gaba, hannu dafe da ciki, tana numfashi sama-sama, tsoro na gaya mata ƙiba ce. In ta jingina bayanta da bango, ta saki kafaɗa, ta ja numfashi har cibiya a hankali, ƙuncin kan ragu, ta daure har abincin ya sauka. Ki zauna kusa da ita na rabin awa, ana hira, ban da zancen jiki. Su gwaggo masu "kin rame kamar tsinke" a roƙe su su yi shiru.

Abu ɗaya: in kin ga ta ƙi zama, karatu ma a tsaye, ko tana ta safa da marwa a tsakar gida, ciwon ne ke sa ta ƙona abin da ta ci. Ki gaya wa likita. Kuma kada a ɗura mata abinci lokaci guda, ƙarin sai da awon likita. In ta suma, ko tana rawar sanyi a zafin Afrilun Garwa, ku tafi asibiti ranar.