Sawun ƙafar keken ɗinki a jikin fata: wanda ke fita da wanda ba ya fita

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana ɗinka jakunkuna da walat, ƙafar keke na bar maka sawu a gefen ɗinki, haƙoran ƙasa masu jan kaya a ƙarƙashin ƙafar kuma na cizon bayan fatar, kana neman yadda za ka kawar da shi.

Kafin komai, kai kayan wajen haske ka shafa wurin da ɗan yatsa. In fatar lotsawa kawai ta yi, fuskarta ba ta fashe ba, za ta tashi. In haƙori ya karce ta har kana ganin fari-fari a ciki, wannan rauni ne, sai dai ka rufe shi da rini da man gogewa. Kada wani ya sa ka ɓata kuɗi a kai.

Sannan wace irin fata ce? Wadda aka jeme da bagaruwa, irin jar fatar akuyar Sakkwato da dukawa ke sarowa daga Kano, ita ta fi saurin ɗaukar sawu, ita kuma ta fi jin magani, domin ruwa na sa ta laushi ta koma yadda take. Ka jiƙa soso ka matse shi sosai, ka shafa ɓangaren gaba ɗaya daga ɗinki zuwa ɗinki. In sawun kaɗai ka jiƙa, zai bushe ya bar maka zoben ruwa wanda ya fi sawun muni. Jira har launinta ya fara dawowa amma tana nan da sanyi a hannu. Sai ka ɗora ta kan gilashi ko tayil, ka ɗauki bayan cokalin shayi kana murzawa a hankali, kana tura fatar gefe zuwa cikin lotsawar. Za ka ga layukan suna dushewa kana kallo. Kada ka danna da ƙarfi, wurin zai yi duhu da ƙyalli ya bambanta da sauran. A inuwa za ta bushe. Da hunturu a Kaduna tana saurin yin tauri, don haka ka bi ta da man kaɗanya ɗan ƙanƙani, ka fara gwadawa a guntu domin yana ƙara duhu.

Fatar kamfani mai fenti a fuska ba ta shan ruwa haka. Ita ɗumi take so: yadi mai kauri a kai, dutsen guga mai ɗumi-ɗumi, daƙiƙa biyu zuwa uku ka ɗaga. In leda ce kuwa, wato fatar roba, kada wuta ta kusance ta.

Amma ni abin da ya fi damuna shi ne keken naka. Akwai sukuru a saman kan keke, daidai kan sandar ƙafa, shi ke matse sifirin. Yawancin Butterfly da Singer da muke amfani da su an ɗaure su ne don yadi. Ka sassauta shi kaɗan-kaɗan kana gwaji a guntun fata, har ka kai inda ba ya barin sawu kuma fatar ba ta biyo allura sama. In ta fara biyowa, ɗinki zai riƙa tsallake, sai ka ɗan mayar. Nemi farar ƙafar roba ta Teflon ko mai taya wajen masu kayan keke a Kasuwar Barci ko Kasuwar Gumi. Haƙoran ƙasa kuma, sayi na biyu ka kai Panteka, kasuwar masu aikin ƙarfe ta Kaduna, a rage masu kaifi a goge su sumul, ka ajiye na asali don yadi. Ka sa allurar fata, ka buɗe tazarar ɗinki zuwa milimita 3 ko 4. Kuma kada ka hau keke da fatar da rini ko gam bai gama bushewa a jikinta ba, nan ne sawu ke zama daram.

Turo hoton bayan jakar da na ƙafar keken mu gani.