Kafin Ka Kunna Mata Makirufo

Ka tambaye ni jiya muna naɗe wayoyi, wai me ya sa mawaƙa mata suke haskawa shekara biyu ko uku sai a neme su a rasa. Kafin in buɗe baki ka ba kanka amsa, ka ce aure ne da haihuwa. Halinku ke nan yaran yanzu, ku yi tambaya ku amsa da kanku, gobe ku ce an koya muku. Na yi shiru jiya ne don tambayar ta fama mini wani tsohon miki. Yau zauna ka ji, ɗana.

Miriam Makeba, mawaƙiyar Afirka ta Kudu, ta yi aure, ta haihu, ta yi shekara talatin tana gudun hijira, amma a 2008, tana da shekara 76, daga kan dandali ta sauko a Italiya rai ya yi halinsa. Ummu Kulsum ta Masar ta riƙe masu sauraro kusan shekara hamsin. Saboda haka ajiye zancen aure gefe. Abu biyu ne suke kashe mawaƙiya tun tana ɗanya: maƙogwaro da takarda. Dukansu biyu kuma ta hannunka suke bi, kai mai zama gaban na'ura.

Yadda ake jona waya da buɗe fayil ba zan ɓata bakina a kai ba. Wanda ya yi wata shida a ɗakin naɗin waƙar nan bai iya wannan ba ya nemi wata sana'ar.

Tantani biyu ne a maƙogwaro suke haɗuwa su rabu su ba da sauti. Na namiji tsawonsa milimita 17 zuwa 25, na mace 12 da rabi zuwa 17 da rabi. Namiji na magana, nasa na kaɗawa sau 85 zuwa 180 a sakan ɗaya. Mace kuwa sau 165 zuwa 255. In ta hau sama tana waƙa, sau 440 a sakan ba komai ba ne. Kowane kaɗawa karo ne. Shi ya sa kanta ta fi fito wa mata a tantanin nan, irin wadda take fitowa a tafin mai sara da gatari. Kanta na fitowa tantanin ya daina rufewa ruf, iska ta riƙa zurarewa, muryar ta dushe, kuma saman muryar ne yake fara tafiya, wurin da ake biyanta dominsa.

To me yake jawo karon banza? Ki, wato matsayin sautin da aka gina waƙa a kai. Ku yanzu sai ku ɗauko kiɗan da aka gina wa namiji ku ce mace ta hau. In ta bi shi a inda yake, ya yi mata ƙasa, ba a jin ta. In ta ɗaga gaba ɗaya, amshin ya fi ƙarfinta, ta koma ihu. Waƙar da ta zauna wa namiji daidai yawanci sai an ɗaga ta rabin mataki (tazarar maɓallin kibod ɗaya zuwa na kusa da shi) biyar zuwa bakwai kafin ta zauna wa mace. Amma kar ka riƙe wannan kamar karatu. Zaunar da ita gaban kibod, ku sauka har inda muryarta ta daina cika, ku hau har inda ka ga jijiyar wuyanta ta fara tashi, ka rubuta duka biyun. Sauti mafi tsayi a waƙar ka ajiye shi rabin mataki biyu ƙasa da iyakarta, domin waƙar da ta yi sau ɗaya a nan da safe za ta yi ta sau ɗari a dandali cikin dare, a gajiye. Kuma kar in kama ka kana jan kiɗan da aka gama da kwamfuta fiye da rabin mataki biyu. Ganguna suna lalacewa, bes ya rasa nauyi. A sake bugawa. Auto-Tune, abin gyaran murya na kwamfuta, yana gyara sautin da ya kauce, ba ya gyara wuyan da aka wahalar.

Abin kunnenta ma ka kula da shi. In ba ta jin kanta za ta matsa wa muryar ba ta sani ba. Ƙara mata muryarta, ko ta zame kunne ɗaya. Tsakaninta da makirufo kamar taƙi ɗaya, santimita 15 zuwa 20, da rariyar tare iskar baki a tsakani. Ta ɗumama murya minti goma zuwa sha biyar kafin ka danna komai. Minti arba'in da biyar tana yi, ta huta kwata, kuma kada jimillar ta wuce awa uku. Muryoyin baya a bar su sai wata rana. In ta dushe kada ta koma raɗa, raɗa ma wahalar da tantanin take yi. Ta yi shiru kawai, ta sha ruwa. Dushewar da ta wuce mako biyu ta likitan kunne da hanci da maƙogwaro ce, ya leƙa da na'ura ya gani. Adele da duk likitocin da take iya biya sai da jini ya fashe mata a tantanin a 2011, ta soke wasanninta, aka yi mata aiki a Boston. Balle yarinyar da ba ta da kowa sai kai.

Yanzu takarda, kuma a nan mikin yake.

Shekarun baya wani mutum, ba zan kama sunansa ba, ya kawo wata yarinya ya ce shi ne manajanta. Murya ce irin wadda ba ta bukatar ado, tana da kauri a ƙasa, in ta hau sama kuma ba ta sirancewa. Waƙa shida aka shirya. Huɗu daga ciki ita ta rubuta baitocin, ita ta zo da karin, a wani ɗan littafi mai yagaggen bango da take naɗewa a jaka. Wata uku ana aiki. Ya biya kashi ɗaya cikin uku, ya ce saura sai an gama. Ana gab da gamawa ya zo da fara'a, wai akwai mai son zuba kuɗi, amma yana so injiniyansa ya saurari layukan a rarrabe, murya daban, ganga daban, kibod daban. Aka kwafa masa. Muryarta tsaf, ba tambari, ba a yanke komai ba. Wannan shi ne kuskuren, kuma a ɗakin nan aka yi shi.

Bayan wata biyu waƙa ta fito. Muryarta ce, har da ɗan numfashin da take ja kafin amshi na biyu, amma wata ce daban a bidiyon take motsa baki, sunan waccan ne kuma a jiki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ka san yadda ya ɗaure abin? Ya ɗora waƙoƙin ta kamfanin rarrabawa da asusun da ya buɗe da imel ɗinsa, aka ba kowace waƙa lambar shaidar naɗi, wato ISRC, mai harafi da lamba goma sha biyu, a ƙarƙashin sunansa. Ya je ƙungiyar da take karɓar wa marubuta kuɗi ya yi rajista a matsayin shi ne marubuci. Da aka kai ƙorafi aka ce a kawo hujja. An kai fayilolin aiki masu kwanan wata, aka ce wannan ya nuna inda aka naɗa ne, bai nuna mai shi ba. Shi kuwa ya zaro wata 'yar takarda. Ashe ranar da ya ba ta kuɗin mota ya sa ta sa hannu a layi biyu, cewa an biya ta cikakken ladan aikin murya, ba ta da sauran haƙƙi. Ba ta karanta ba. Littafinta mai yagaggen bango ba kwanan wata, ba shaida. Lauya ya duba ya ce ana iya shari'a, amma kuɗinta da shekarunta sun fi ƙarfin yarinyar.

Kashi biyun da ya rage na kuɗin aiki bai shigo ba har yau, kuma ban yafe ba. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ya biyo baya. Da ba suna ba kuɗi, sai ta koma bin ƙungiyoyin kiɗa tana yi musu amshi kowane dare, a kin maza, ba lasifikar da take jin kanta. Shekara ɗaya da rabi ta dawo ta gwada wata waƙa. Aka zaunar da ita gaban kibod, aka tarar saman muryar ya tafi, rabin mataki uku zuwa huɗu babu su, sai iska. Ta ɗauki jakarta ta fita. Masu surutu suka ce ai aure ta yi.

Kar ka ɗauka ƙananan mutane kaɗai ake yi wa haka. A Amurka, a 1990, an yi amfani da muryar Martha Wash a waƙar da ta zagaye duniya, aka sa wata tana motsa baki a bidiyo, sai da ta kai ƙara kafin a rubuta sunanta. A Indiya, faifan da ya fara ɗaga Lata Mangeshkar a 1949 bai ɗauki sunanta ba, sunan jarumar cikin labarin fim ɗin aka buga. Ita ce daga baya ta tsaya kai da fata a kan a riƙa ba mawaƙa kaso daga cinikin faifai, har suka ɓata da Mohammed Rafi suka yi shekaru ba sa waƙa tare. 'Yan matan ƙungiyar mawaƙa ta TLC a Amurka sun sayar da miliyoyin faifai, amma a 1995 suka shiga kotu suka ce sun karye. Dalili shi ne kuɗin da kamfani yake ba mawaƙi tun farko bashi ne. Daga ɗan kasonta ake cire shi, da kuɗin naɗi, sau da yawa har da na bidiyo, kafin ta ga ko sisi.

Abin da nake so ya zauna maka shi ne kowace waƙa dukiya biyu ce. Akwai rubutun, wato baiti da kari. Akwai naɗin, wato wannan sautin da muka ɗauka. Ana iya mallakar ɗaya a rasa ɗaya. Dolly Parton ta gane wannan tun da wuri. Elvis Presley ya so ya rera wata waƙarta, manajansa ya ce sai an ba su rabin haƙƙin rubutun, ta ƙi. A 1992 Whitney Houston ta rera waƙar, ta yi mako 14 a saman jadawalin Billboard, kuɗin rubutun ya tafi wurin wadda ta ƙi sayarwa. Taylor Swift kuwa rubutun nata ne amma naɗin kundayenta shida na farko na kamfani ne. A 2019 aka sayar da kamfanin da naɗin a ciki. Da yake rubutun yana hannunta sai ta shiga sake naɗa su, ta fara fitarwa daga 2021, kuma a 2025 ta sayi na asalin. Wannan mai ƙarfi ke nan, ta yi shekara shida tana fama.

Ku kuwa abin da ya dame ku shi ne mutum nawa suka kalla a TikTok. Yarinya ta ga an yi rawa da waƙarta sau dubu ta ɗauka ta isa, ba ta taɓa tambayar asusun wa kuɗin yake shiga ba.

Wadda za ta zo gobe, ga yadda za ka yi. Kafin ka kunna mata makirufo ka fito da takarda ɗaya: sunan waƙa, kwanan wata, wa ya rubuta baiti, wa ya yi kari, wa ya buga kiɗa, kason kowa cikin ɗari, wa ya mallaki naɗin, da sunan da za a rubuta a matsayin mai rerawa. In aikin haya ta zo yi, a rubuta haka ƙarara, da abin da za a biya ta, da cewa sunanta zai fito. Ka karanta mata da baki, a gaban wanda ya kawo ta, kowa ya sa hannu, kowa ya tafi da kwafinsa. Ka tambaye ta da imel ɗin wa za a buɗe asusun rarrabawa, in ta ce na manaja, ka ce ta buɗe nata ta ba shi izinin shiga. Littafin baitocinta ta ɗauki hotonsa ta tura wa kanta yau, kwanan wata ya zauna. Wanda ya ce yana so ya ji aiki kafin ya gama biya, ka ba shi minti ɗaya a haɗe, da tambarinmu yana magana a kai duk bayan sakan ashirin. Layuka a rarrabe ba sa fita ƙofar nan sai kuɗi ya cika kuma ita ta yarda da bakinta. In mai kawo ta ya fara cewa ai mu 'yan'uwa ne, takardar me, ka kashe na'ura ka kira ni.